Ranar da Aka Juya Kan Tandi Kudu

Kafin Lince ta wanke fuskarta, sai ta kai wa babanta gahawa. Haka take yi tun yana da ƙafar saukowa ya karɓa da hannunsa, haka kuma take yi yanzu da damina ta biyu ke nan yana kwance a ɗakin kudu. Cokali uku na sukari, don Tandi mutum ne mai son zaƙi kamar yaron goye. Ta ɗora kofin a faranti, ta ajiye karan taba mai kanumfari a gefe, ta hau doguwar matakalar katako ta tura ƙofa da kafaɗa.

"Baba, ina kwana? Ga gahawarka. Yau gajimare ya rufe kwarin nan ruf, ko rumbun shinkafa ba a gani."

Ba ta jira amsa ba. Numfashi ya bar Tandi tun farkon daminar bara. Ma'aikacin asibiti ya zo ya yi masa allurar da ke hana jiki lalacewa, mata suka naɗe shi zani bisa zani, aka kwantar da shi kansa yana yamma. Mu nan tudun Toraja na ƙasar Indonesiya, muddin kan mutum yana yamma kuma ba a yanka masa ɓauna ba, to mara lafiya ne. Ana kai masa abinci, ana gaishe shi, ana neman izininsa kafin a fita unguwa. Kuka ne dai ba a yi masa, don wa zai yi wa mara lafiya kukan mutuwa in ba mai mugun fata ba? Sai ranar da dangi suka shirya, aka juya kansa kudu, ranar ce ya mutu.

Ta ɗauki kofin jiya. Kamar kullum gahawar ta ɗan ragu, kiyashi sun ja layi a bakin kofin. Lince ta yi karatun kimiyya, ta san aikin iska da na kiyashi, amma duk safiya in ta ga ragin nan sai ta ji sanyi a ranta.

Ƙwam, ƙwam! Aka doki daɓen katakon daga ƙasa. Nene ce, kakarta, uwar Tandi. Tun da gwiwoyinta suka ƙi matakala ta koma kwana a ɗakin girki, da rana kuma ta zauna a ƙarƙashin gidan tana saƙar tabarma, daidai saitin inda ɗanta yake kwance. In tana da magana da shi, sandarta take ɗagawa ta ƙwanƙwasa.

"Tandi! Ka gaya wa 'yarka mai ƙafar sauro ta sauko, motar kasuwa ba ta ubanta ba ce da za ta tsaya jiranta!"

"Ga ni nan, tsohuwa! Sai kin fasa mana daɓe tukuna hankalinki zai kwanta."

Ta durƙusa kusa da naɗin zannuwan ta ce, "Baba, zan shiga Rantepao, sai yamma." Ba ta faɗi abin da zai kai ta ba, kuma wannan ne karo na farko da ta ɓoye masa wani abu.

Abin da zai kai ta kuwa shi ne karatu. Jami'a a birnin Makassar ta ba ta gurbin likitancin dabbobi, abin da take mafarki tun tana 'yar mitsitsiya tana bin babanta rafi. Tandi ya ƙare rayuwarsa yana wanke ɓaunayen masu hali, yana goge musu ƙaho da man kwakwa, yana kwana a tsaye in ɗaya ta ƙi cin ciyawa. Duk wahalar nan, ɓauna namiji ɗaya tak ya mallaka, wani baƙi wuluk da yake kira Pudu. Ranar da ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, ya kama hannun Lince ya ce, "Ki sayar da Pudu ki tafi makaranta." Ta ce to, don kada ta ɓata masa rai. Amma ta san ba za ta iya ba. In aka sayar da Pudu, me babanta zai hau zuwa Puya, can kudu inda matattu ke taruwa? Mutumin da ya yi wa ɓaunayen wasu bauta shekara da shekaru, a ce shi a ƙafa zai tafi? Haba!

Ana cikin haka shugaban makarantarsu ya ba ta labarin wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin marayu: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci, har a gama. Ga karatu, ga Pudu ya tsira. Sai dai sharaɗinsu guda ne, ta marayu ce.

A wani aji kusa da kasuwar dabbobi aka yi ganawar. Wata mata mai lulluɓi da tabarau ce ke tambaya, Malama Nurhaeda, mutuniyar Makassar, mai magana a hankali kamar tana tsoron tada barci. Ta yaba sakamakon Lince, ta tambaye ta yadda ake gane ɓauna mai zazzaɓi, har suka yi dariya. Sannan ta ce, "Mahaifiyarki fa?"

"Ta rasu tun ina ƙarama." Wannan bai yi wuya ba. Uwarta ta daɗe a kabarinta na cikin dutse, kowa ya yi kukanta ya share hawaye.

"Allah sarki. Mahaifinki fa?"

Ta taga ana jiyo hayaniyar dillalai da gurnanin aladu. Lince ta buɗe baki. Sai ta tuna kofin da ta ajiye da safe, wataƙila ma bai gama hucewa ba.

"Ya rasu," in ji ta.

Ba ta taɓa jin kalmar nan a jikin sunan babanta ba, ko daga bakin maƙiyi. Malama Nurhaeda ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce za ta zo gida, don su ba sa rubuta sunan yaro sai sun zauna da manyansa.

Mota ta sauke ta a mararraba da la'asar. Hanyar ƙauyen ta ƙarƙashin dutsen kaburbura take bi, inda mutum-mutumin katako na manyan da suka shuɗe ke jere a baranda, sanye da tsofaffin riguna, hannuwa a miƙe. Sau dubu nawa ta wuce su ba ta ko ɗaga kai ba. Ranar nan sai ta ga fararen idanunsu duk a kanta suke. Ta ƙara sauri. Daidai kwanar gonar koko, inda babu gida babu mutum, ƙamshin taba mai kanumfari ya daki hancinta, sabo, kamar yanzu aka busa. Ta waiwaya, ba kowa sai gajimare yana gangarowa daga dutse. Da gudu ta ƙarasa gida.

Tun daga ranar Lince ba ta koma daidai ba. Ta ƙona shinkafa, ta zuba wa miya gishiri sau biyu, ta bar Pudu a rafi har rana ta faɗi. Nene ta ce, "Ke, wane ɗan banzan ne ya sace miki hankali a kasuwa? In mai babur ne, ki ce masa na ce a'a tun yanzu." Lince ta yi yaƙe kawai.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne kofin. Washegarin dawowarta ta hau da sabuwar gahawa, ta ɗauki ta jiya, wadda ta haɗa kafin ta tafi kasuwa, ta ga komai daidai. Amma wadda ta ajiye ranar, da gari ya sake wayewa sai ta tarar da ita baƙa ƙirin, a kwance, ko kiyashi ɗaya babu a bakin kofin. Kashegari ma haka, wanshekare ma haka. Ta canja kofi, ta canja wurin ajiyewa, ta matso da shi dab da kansa. A banza.

Ya ji. Tun daga Rantepao babanta ya ji abin da ta faɗa, ya kuma daina karɓar abin hannunta. Da can in ta shiga ɗakin nan surutu take zubawa, wa ya haihu, wa ya yi faɗa da wa, nawa Pudu ya ƙara ƙiba. Yanzu sai ta ajiye faranti ta ce ina kwana da muryar da ita kanta ba ta ji, ta fito da baya da baya. Wani lokaci tana tsakiyar matakala sai ta ji kamar an yi gyaran murya a ciki, irin wanda yakan yi in zai yi mata faɗa. Tsoron babanta take ji, mutumin da bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma wannan tsoron ya fi komai ci mata rai.

Ran Laraba Malama Nurhaeda ta iso a bayan babur, takalmanta duk laka. Matar ta san mutane. Kafin ta zauna sai ta ce a kai ta ta gaida mai gida. Ta hau matakala tana haki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da jiki, Baban Lince. Baƙuwa ce daga Makassar, na zo magana da tsohuwa, a yi mini izini." Nene tana ji daga ƙasa, ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ta sha nonon uwarta."

Suka zauna a dandamalin ƙarƙashin rumbu. Aka kawo dafaffiyar ayaba da gahawa. Nene ta ce wa baƙuwar ta ci ba fargaba, tukunyar ba ta taɓa ganin alade ba, in ma ta gani to daga nesa ne. Suka yi dariya. Malama Nurhaeda ta bayyana abin da ya kawo ta, ta ce yarinyar nan irinta ake nema da fitila, kuma ta riga ta gaya musu halin da ake ciki.

"Me ta gaya muku?" in ji Nene.

Lince ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Tsohuwar ta dube ta, dubawa ɗaya, ta kawar da kai.

"Nene," in ji baƙuwar, "na san al'adarku, ba yau na fara hawa tudun nan ba. Amma dukiyar nan amana ce, mutane suka bayar don marayu. An taɓa kawo mana yara da takardu cif, daga baya muka ga iyayensu suna yawo a kasuwa. Tun daga nan muka ce takarda ba ta isa ba, sai babban gida ya faɗa da bakinsa. Ke ce babba a gidan nan. Ina mahaifin yarinyar nan?"

"Yanzu kika sauko daga wurinsa. Ɗana yana kwance ba shi da lafiya."

"Nene..."

"Na ce ba shi da lafiya. Ko kunnen mutanen birni ma sai an sa masa tabarau?"

Malama Nurhaeda ba ta ji haushi ba. Ta juya kofinta a hannu ta ce, "Ni ina 'yar shekara tara babana ya fita kamun kifi da asuba. Da hantsi aka kawo shi, kafin la'asar an rufe shi. Ko sannu ban samu na ce masa ba. Wallahi in na zo garinku har kishi nake ji. Da irin wannan tallafin na yi karatu, shi ya sa nake yawon nan da tsufana." Ta miƙe ta gyara lulluɓinta. "Zan zaga ƙauyukan sama, ran Asabar da hantsi in biyo ta nan. In ba a samu yadda ake so ba, dole in ba wani gurbin. Shi ma maraya ne, yana can yana jira."

Da yamma aka kira Baffa Sampe, ƙanen Tandi, wanda ke aikin haƙar ma'adinai a Papua. Shi ya ce kada a taɓa komai sai ya tara abin yin biki na gani na faɗa. Lince ta riƙe wa Nene wayar, fuskarsa ta cika gilashin, hular kwano a ka.

"Ɓauna ɗaya?" ya daka tsawa. "Ɓauna ɗaya, baƙi, kamar wanda ba shi da kowa? So kuke a yi da mu har jikokin jikoki? Ku ba ni shekara biyu, in Allah ya yarda ƙahonin ɓaunayen da za mu yanka za su cika ginshiƙin gidan nan."

"Bara ma shekara biyu ka ce," in ji Nene.

"To ƙasa nake haƙa, Inna, ba kuɗi nake bugawa ba! Ita kuma uwar 'yan boko, makarantar guduwa za ta yi? In ta tafi wa zai riƙa hawa yana ba Yaya abinci? Ke da ko dokin ƙofa sai an ɗaga ki?"

Nan ya taɓo inda ke ciwo. Nene ta ce a kashe abin nan, yana sa mata jiri. Ba ta ce ta yarda da shi ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba.

Ran Juma'a da la'asar, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, Lince ta hau sama ba faranti ba komai. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, kusa da kansa. Ɗakin yana warin tsohon zani da kafur.

"Baba, na san ka ji. Na faɗa. Matar ta tambaye ni, na faɗa, ba wanda ya matsa mini. Ka yafe mini." Ta haɗiye yawu. "Na fasa tafiyar. Gobe in ta zo zan ce ta ba wancan yaron. Zan zauna in riƙa kawo maka gahawa har Baffa ya shirya, ko shekara goma ce. Pudu ma ba mai taɓa shi. Don Allah ka sha ko kurɓi ɗaya ne, in san ka huce."

Ruwa yana dukan rufi. Ba gyaran murya, ba ƙamshin taba, ba komai.

"Amma Baba, na gaji. Wallahi na gaji. Tun ranar da ka saki hannuna wani abu ya tsaya mini a nan, a maƙogwaro, ya ƙi gaba ya ƙi baya. In na ji zai fito sai in ruga rafi in tsoma fuskata a ruwa, don kada a ce na yi maka mugun fata. Kowa yana cewa jikinka da sauƙi. Ni ce nake shiga ɗakin nan kullum, ni na san yadda zanin nan yake ƙara lotsawa. Ina kewarka, Baba, kana nan kusa da ni ina kewarka, kuma ba ni da izinin in faɗa."

Ta manta daɓen nan katako ne, ta manta wa ke zama a ƙarƙashinsa. Da ta sauko ta tarar da Nene zaune, saƙar tabarma a cinya, hannuwanta ba sa motsi. Tsohuwar ba ta tsokane ta ba, ba ta ƙwanƙwasa wa ɗanta sanda ba. Ko abincin dare cokali biyu ta yi ta ture.

Gari ya waye da sanyi. Lince ta farka ba ta ga Nene a shimfiɗarta ba, ta ɗauka ta zaga baya. Ta hura wuta, ta haɗa gahawa, ta ɗora a faranti. A gindin matakala ta ga sandar tsohuwar a yashe cikin laka. Ta ɗaga kai, ƙofar sama a buɗe.

Ba ta san yadda ta hau ba. A bakin ɗakin kudu ta tsaya cak, faranti a hannunta.

Babanta ba ya inda ta bar shi. Naɗin zannuwan ya karkace a tsakiyar ɗaki, kan ya bar yamma, bai kuma kai kudu ba. Nene tana zaune dirshan a ƙasa, ta rungume kan a ƙirjinta, ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje. Gwiwoyinta duk sun kuje, ga jini a zaninta. Da rarrafe ta hau.

"Kin tsaya kallona kamar kin ga fatalwa," in ji ta tana haki. "Ajiye abin nan ki kama ƙafafun. Ba shi da nauyi, ni ce ba ni da ƙarfi."

"Nene! Me kike yi? Baffa bai... ba a tara dangi ba, ba a..."

"Sampe ne ya haife shi ko ni? Ni na juya shi a cikina wata tara ba wanda ya taya ni, yau ma ba sai na jira taro ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Kina tsammani don ƙahonin Sampe na riƙe shi? Ƙahoni na ci? Don kaina na riƙe shi, yarinya. Na kai mijina dutse, na kai uwarki. Na ce wannan kam ba zan bayar ba. Muddin ina ɗaga sanda in ƙwanƙwasa, ina da ɗa a gida. Ban san a wuyanki na ɗora shi ba sai jiya. Kama ƙafafun, na ce."

Lince ta ajiye farantin a ƙasa. Ta zagaya ta durƙusa, ta zura hannuwanta ƙarƙashin zanin. Damina biyu tana shiga ɗakin nan ba ta taɓa ɗaga shi ba. Ta tattara ƙarfinta duka, irin wanda za a ɗaga mutumin da yakan saɓa ta a kafaɗa ya haye rafi da ita, sai ta ji ya taso kamar damin kara.

"A hankali," in ji Nene. "Ke ki yi arewa. Yawwa. Ƙara kaɗan."

Suka sauke shi. Kan Tandi ya dubi kudu.

Nene ta gyara masa zanin, ta lallashe shi da tafin hannu kamar mai kwantar da jariri. Sannan ta ɗaga murya, ba rawa ba gargada, yadda ko wanda ke tsakar gida zai ji.

"Ɗana Tandi ya mutu."

Can ƙasa Pudu ya ja numfashi ya kaɗa igiyarsa.

"In kin sauka ki aika a kira fasto, a gaya wa dangi na kusa. Pudu zai kai ubangidansa, shi kaɗai ya isa, dama sun saba tafiya tare. Wanda zai yi dariya ya zo ya yi a gabana. Sampe kuwa ki bar ni da shi. In mai tabarau ta iso, ki hawo da ita nan, ni dai ba zan sake sauka yau ba. Ina da magana da ita, kalma biyu ce."

Lince ta gyaɗa kai. Idanunta a bushe suke ƙamas, abin da ke maƙogwaronta yana nan inda yake. Ta dubi farantin, gahawa tana ta tururi, ta rasa inda za ta kai shi. Ta ɗauka, ta nufi wajen kan, ta tsaya.

"Miƙo nan," in ji Nene. "Shi ya gama shan tasa. Ni ce na hau dutse da safen nan."

Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, ta hura, ta kurɓa. Nan take ta yamutsa fuska ta tofar a gefe.

"Wayyo ni! Ke, wannan gahawa ce ko maganin zazzaɓi? Ina sukarin?"

"Na sa..." Lince ta tsaya. A ranta ta hango gwangwanin sukari a kan kantar ɗakin girki, can bayan tulu, inda ta tura shi da yamman da ta dawo daga Rantepao. Ba ta tuna ranar da ta sake buɗe shi ba.

"Ba ki sa komai ba, ja'ira! Kwana nawa kina ɗura wa ɗana wannan baƙin ruwa? Mutumin da ke lasar cokali? Ai ko kiyashi ba zai kusanci abin nan ba!"

Dariya ce ta fara kuɓuce wa Lince, wata irin dariya mai kama da tari. Ta toshe baki, ta ƙi tsayawa. Kafaɗunta suka kama rawa, ta durƙushe, goshinta ya sauka a kan zanin, daidai ƙirjin babanta. A nan dariyar ta juye. Ta buɗe baki ta kira shi da ƙarfi, Baba, Baba, da wata murya da ba ta san tana da ita ba. Da ta ji ƙarar kanta sai ta firgita, ta ɗago tana neman haɗiyewa kamar yadda ta saba.

Nene ta dafa ƙeyarta ta mayar da kanta kan zanin.

"Yi abinki," in ji ta. "Yanzu an yarda."

Maƙwabta suka jiyo daga gonakinsu. Ɗaya bayan ɗaya mata suka ajiye lauje, suka koma gida neman baƙaƙen tufafi.